A lise na koyi eshek, a ƙasa na sha kashi

A lise na koyi eshek: gida 64, kowa da ƴaƴa 16. Har na ɗauka na ƙware. Ran nan wani dattijo ya haƙa gurbi 30 a ƙasa, ya miƙo mini tsakuwa 12. Kafin shayi ya nuna, ya cinye ni sau uku! Ya ce wai hannuna kaɗai nake duba, ba na duban nashi.

To ni a ganina, a koya wa yara eshek, amma a fara da dara. Ba ta cin ko dala. Tsofaffin Kurfai suna ƙarewa, mu kuma a fada sai danna waya. Wa zai gaje su? Yau da la'asar ku je ku zauna kusa da su.