Farfaɗiya: mutum ya faɗi, mu kuma mun watse



A shirinmu na lafiya na satin da ya wuce wata tsohuwa ta kira daga wajen Gesheme. Ta ce: "Ɗiyata, jikana na da ciwon ga na hwaɗuwa. Ran kasuwa ya hwaɗi kusa ga masu tuya, hannunshi ya shiga cikin mai. Mutane sun hi ashirin wurin, babu wanda ya jawo shi. Ki tambaya mini lokotoro, gaskiya na in yawunshi ya taɓa mutum shi ma ya ɗauka?" Na ce mata: "A'a Inna, ba a ɗauka." Kafin in ƙara wata kalma layi ya yanke. Tun ranar maganar ba ta bar ni ba, shi ya sa na ce bari in rubuta amsar da tsawonta.

Ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfar baki, ba ta fitsari ba, ba ta tusa ba kamar yadda aka faɗa mana muna yara. Ku ci a ƙwarya ɗaya, ku sha a moɗa ɗaya, ku kwana kan tabarma ɗaya shekara ashirin, babu abin da zai same ka. Babu ƙwayar cuta a cikinta da za ta tsallaka daga wani zuwa wani.

Ban faɗi haka don in nuna na fi mutanen kasuwar nan ba. Ni ma na taɓa gudu. Muna aji na biyu a CEG wata ƴar ajinmu ta yi ƙara ta zame daga benci, jikinta ya sandare, sannan ya kama jijjiga. Kalas ɗin gaba ɗaya muka yi waje, har ana taka juna a bakin ƙofa. Mushe da kansa daga taga yake leƙe. Kanta na bugun siminti muna kallo. Da ta farfaɗo ta ga ta jiƙe zanenta, ta ga idanu sun fi hamsin a kanta. Washegari babu wadda ta yarda ta zauna kusa da ita, har da ni da muke raba biro da kaye. Ita ce ta fi mu lissafi, amma ba ta kai ƙarshen shekarar ba iyayenta suka cire ta daga lakwal.

Mi ke faruwa a jikin mutum in ya faɗi? Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙananan saƙonni masu kama da wutar lantarki. Wani lokaci saƙonnin sukan tashi gaba ɗaya babu tsari, kamar wayoyin wuta da suka haɗu suka yi tartsatsi, na minti ɗaya ko biyu, sannan komai ya koma daidai. In wannan ya faru sau biyu ko fiye, a ranaku daban, ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba, shi ne likitoci ke kira farfaɗiya. Kuma ba kowa ke faɗuwa ƙasa ba. Akwai yaron da zai ƙura ido na ƴan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba, sai ya dawo kamar ba a yi komai ba. Irin wannan yaro bulala yake sha a lakwal, wai ba ya mai da hankali.

Abin da iyayenmu ke kira bugun tsuntsu, wato jijjigar da ƙaramin yaro ke yi in jikinsa ya yi zafi ƙwarai, galibi daban yake. Yakan faru tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma yawancin yaran suna girma su rabu da shi. Amma a ƙasar da masassarar cizon sauro da sanƙarau suke, yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi CSI ya kamata a kai shi a ranar, ba a jira gobe ba. Masassarar da ta hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa, tabon ya zama farfaɗiya bayan watanni ko shekaru. Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2015 ba, wadda ta kashe mutane fiye da 500 a Nijar, mu ma nan Dutsi ta taɓa mu. Sai doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Sai buguwar kai: ku dubi ƴan kabu-kabu nawa ke sa kask a garin nan. Sai kuma wanda ba a son faɗa, tramol. Saurayin da ke zuba shi cikin shayi don ya jure aikin gona ko na lambu yana iya faɗuwa da jijjiga ko da bai taɓa ciwon ba. Wasu kuma, da yawa ma, ana bincike ba a gano dalili ba.

Na san inda nake magana. Nan Arewa ce, ƙasar Lugu da Bagaji. Har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta zauna garin nan ta rubuta littafi sukutum a 2001 kan borin Dogon Dutsi. In mutum ya faɗi a nan, kalmar farko da ke zuwa baki ita ce iska. Wanda ya bar bori kuma sai ya ce aljani, a kira malam a yi ruƙiyya. Ban zo in yi faɗa da imanin kowa ba, ni ma in ɗana ba lafiya addu'a nake fara yi. Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne abin da ake yi wa jikin marar lafiya da sunan korar iska: a tura masa hayaƙin barkono a hanci yana fama da numfashi, a ɗura masa jiƙo bai san inda kansa yake ba, a dake shi, a kara ƙafar yaro ga wuta wai don ya farka. Mafi muni, a ce ya bar shan ƙwayar likita don kada ta ɓata wancan maganin. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma a bar masa ƙwayarsa. Haka nan ƴan matan da ke faɗuwa a lakwal ana cewa génie tchatcheur: ba na cewa duka farfaɗiya ce, amma in an tattara su duka an ce aljani, wadda ke da farfaɗiyar gaske a cikinsu ba za ta taɓa ganin likita ba.

Alhali akwai magani. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba su samun maganin. Fenobarbital, wanda muka fi sani da Gardénal, tun 1912 ake aiki da shi, kuma yana cikin magunguna mafi araha. Akwai karbamazefin, wato Tégrétol, akwai Dépakine. OMS ta ce akwai maganin da kuɗinsa na shekara guda bai wuce dalar Amurka 5 ba, wajen jika uku ke nan. Ba ya kai kuɗin ɗan akuyar da ake yankawa a zama ɗaya na neman lafiya.

To mi ya hana? A ganina, abu biyu. Na farko nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu a Yamai, kusan kilomita 270 daga nan, kuma can ake zuwa neman na'urar EEG mai auna aikin ƙwaƙwalwa. Manomin Sukukutan ko Dogon Kiriya da aka ce masa sai Yamai, an ce masa ya haƙura ke nan. Amma ita OMS ɗin ta nuna majo ko likitan da aka ba horo yana iya gane farfaɗiya mai jijjiga daga bayanin wanda ya ga faɗuwar, ya fara ba da magani a nan kusa. Saboda haka ku fara da CSI, kuma ku tafi da wanda ya gani da idonsa. In akwai mai salula a gidan, ya ɗauki bidiyon faɗuwar don likita kaɗai, ba don WhatsApp ba.

Na biyu shi ya fi ci mini rai: yankewar magani. Maganin farfaɗiya ba kamar na masassara ba ne da za a sha kwana uku a gama. Kullum ne, a kan lokaci, shekara da shekaru. Wanda ya saba sha ya tsaya kwatsam yana iya yin faɗuwar da ta fi ta da, wadda ba ta tsayawa, har ta kai ga rai. Uwa ta biya kuɗin mota ta zo da takardar magani, a ce mata ya ƙare ta dawo wani satin, to ina za ta nufa? Wurin mai tebur, ta sayi ƙwayar da ta kwana cikin rana, babu wanda ya san mi ke cikinta. Tun 2006 ake kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, madalla, sai dai farfaɗiya ba ta san yaro ya cika biyar ba. Ina roƙon kwamitocin COGES na gidajen likita da hukumomin garuruwanmu, daga Matankari da Dan Kasari har Tibiri da Dumega: ku buɗe kaye guda ku rubuta masu shan maganin nan a yankinku, ku san ƙwaya nawa suke buƙata a wata, ku yi oda kafin ta ƙare. Wannan ba ya buƙatar wani furoje daga waje. A watan Mayu na 2022 ƙasashen OMS suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa, har zuwa 2031. Mu a nan kayen majo za mu duba mu san ko shirin ya iso.

Yanzu ga abin da ya kamata mutanen kasuwar nan su yi, kuma ba ya cin ko dala. Ka jawo shi nesa da wuta, ruwa ko hanyar mota. Ka sa rawani ko zane ƙarƙashin kansa. Kada ka danne shi. Kada ka sa masa cokali, sanda ko yatsa a baki; mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori. Kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai. In jijjigar ta lafa ka juya shi kan gefe don yawu ya zubo. Ka dubi agogo: in ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko mai ciki ce, sai likita da gaggawa. Sannan ka kori ƴan kallo, in ya yi fitsari ka rufa masa zane.

Sauran rayuwa kuma dabara ce. Wuta, rijiya, tabki da bishiya su ne abokan gaba. Mai farfaɗiya na iya noma, na iya aikin lambun dankali, amma ba shi zai tsaya bakin rijiya shi kaɗai ba, kuma yaro ba zai bi abokai wanka Tabkin Saw ba. Mace ta yi girki da wani a kusa, kada ta yi shi da goyo. Babur kuwa a haƙura da tuƙi sai likita ya yarda. Rashin barci na tayar da ciwon, don haka zaman fada har asuba ba nasa ba ne. Kafin azumi a je a tambayi likita yadda za a gyara lokutan shan magani. In ya ce ba zai yiwu ba, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. In magani ya kawo ƙuraje a jiki a koma likita nan take.

Maganar aure ita ce mai wuya. Gidaje da yawa suna ɓoyewa, a kai amarya da ƙwayarta ƙunshe cikin lalita, tana sha a ɓoye, ranar da ta ƙare ba ta da bakin tambaya. Ra'ayina shi ne a faɗa wa mai nema tun kafin a ɗaura. Na san abin da uwaye za su ce mini: "In mun faɗa, wa zai ɗauke ta?" Ba ƙarya suka yi ba, wasu za su gudu. Amma mijin da bai sani ba shi ne zai tura ta rijiya da sassafe. Kuma akwai batun ciki: Dépakine na iya cutar da jariri a ciki, wasu magungunan kuma suna rage ƙarfin maganin tazarar haihuwa. Ba a gyara wannan a ɓoye. Mace ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, kuma kada ta tsai da magani da kanta. Yawancin mata masu farfaɗiya lafiyayyun ƴaƴa suke haihuwa.

Bara na haɗu da ƴar ajin nan tamu a wani biki a Kore Mairuwa. Akwai tabon ƙuna daga wuyan hannunta har gwiwar hannu, ta ce a murhu ta same shi shekarar da aka cire ta. Wani majo ne ya ɗora ta kan Gardénal daga baya, yanzu ta yi shekaru ba ta faɗi ba, ƴaƴanta uku, ita ke riƙe lissafin adashin unguwarsu. Na ce mata ta yafe mini gudun da na yi. Ta yi dariya ta ce: "Ke kaɗai kika gudu?"

Inna ta wajen Gesheme, in akwai wanda ya karanta miki wannan, ki sake kiranmu a shiri na gaba. Ina so in ji yadda hannun yaron yake, da ko an taɓa kai shi CSI.