Shinkafar Da Ba A Juyawa

A wannan wata za mu je gindin murhu, gama akwai wata shinkafa da ta taɓa ba mu kunya a gidanmu, ba mu kuwa so ta ba waninku irin wannan kunya. Ana rubuta sunanta paella, amma masu abin suna cewa pa'eya. Abincin mutanen ƙasar Sifen ne, can a kudu maso yammacin Turai. Yanzu da hotunan abinci su ke yawo a wayoyin hannu, da yawanku sun gan ta: shinkafa rawaya shimfiɗe cikin wani kasko mai faɗi, ga kaza, ga jatan lande an jera a kai. Wanda ya gani sai ya ce ai dafa-duka ce ta yi ado. Mu ma haka muka ce, a nan kuwa muka yi kuskure.

Ranar da muka fara gwadawa mun yanka kaza ɗaya, muka sayo jatan lande mai ƙanƙara wanda kuɗinsa ya kusa na kazar. Muka ɗauko tukunya mai zurfi, muka zuba turararriyar shinkafa irin ta kullum, muka rufe, muna buɗewa muna juyawa don kada ta kama. Da aka sauke, shinkafa tana gefe guda, daɗin romo yana gefe guda, jatan lande kuwa ya yi tauri kamar roba. Uwargida ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta ce, "Malam, da ka bar mini kazar nan, da yanzu muna shan farfesu." Ba mu da amsa.

Daga baya muka haɗu da wani mutumin Sifen da aiki ya kawo shi garinmu. Da muka ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mun ɗauka nama shi ne sarkin wannan abinci, alhali kuwa shinkafa ce. Kaza da kayan teku da mai da tumatir, dukansu barori ne, aikinsu su ba da daɗinsu ga romo, shinkafa kuma ta shanye romon. In shinkafa ba ta yi ba, ko an tara kifin teku duka a kanta, ba a yi kome ba. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa daga wannan magana ya fito.

Asalin pa'eya daga jihar Balensiya ne, a bakin Bahar Rum. Kudu da birnin Balensiya akwai wani tafki da a ke kira Albufera, kewaye da fadamun shinkafa. Larabawa da Barbar da suka shiga Sifen a shekara ta 711 su ne suka yaɗa noman shinkafa a can, suka kuwa riƙe Balensiya har 1238. Sun bar sawunsu a bakin mutane. Sunan tafkin daga al-buhaira ya fito, watau ƙaramin teku. Shinkafa suna ce mata arroz, daga ar-ruzz na Larabci. Abin da ya ke ba pa'eya launinta kuma suna kiransa azafran, shi ne za'afaran ɗin da mu ma muka samu sunansa daga Larabci. Kalmar paella kanta sunan kaskon ne a harshen mutanen Balensiya, ba sunan abin da ke ciki ba.

Abincin manoma ne, ba na sarakuna ba. Tun wajen ƙarni na 19 ma'aikatan gona su kan hura wutar itace a bakin fadama da rana, su dafa shinkafa da abin da ke kusa: kaza, zomo, ɗanyen wake, wani farin wake mai faɗi, tumatir, man zaitun, wani lokaci har da dodon koɗi. Ku lura, babu kifi a ciki. Masunta na bakin teku su ma suna da tasu, ta kayan teku zalla. Wadda a ke haɗa kaza da jatan lande, wadda ita ce mu ke gani a hotuna, ta yi suna ne musamman tun shekarun 1960, sa'ad da baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa cika gaɓar tekun Sifen. Mutanen Balensiya har yau suna yi mata kallon raini, suna ce mata "shinkafa da tarkace". Kishinsu a kan wannan abinci ba kaɗan ba ne. A 2016 wani shahararren mai girki na Ingila, Jamie Oliver, ya sa musu wani irin naman alade mai yaji da a ke ɗurawa a hanji, sai Sifen ta ɗauka da surutu kamar ya zagi iyayensu. A 2021 gwamnatin jihar ta sa pa'eya cikin kayan al'ada da hukuma ke karewa. Mu dai ba mu da gado a wannan faɗa. In akwai kaza akwai jatan lande, za mu haɗa, sai dai mu san cewa tamu 'yar riƙo ce.

Wani abu kuma da ya kamata magidanta su ji. A can, pa'eya abincin ranar Lahadi ne da rana, sau da yawa kuwa maigida ne ke tsayawa a kan wuta a tsakar gida, iyali suna zaune suna hira. In an sauke, a kan ajiye kaskon a tsakiya, kowa ya ɗauki cokali ya ci daga gabansa, ba ya ƙetare zuwa gaban wani. Wannan ladabi ba baƙo ba ne a wurinmu.

To, mu zo ga aiki. Abu na fari kasko. Ana bukatar mai faɗi, mara zurfi, wanda gindinsa ya ke a shimfiɗe daidai. Kaskon tuyar ƙosai ba zai yi ba, gama tsakiyarsa ta lotsa, romo zai taru a wuri ɗaya. Domin mutum 6 a nemi mai faɗin wajen santimita 45. Dalili shi ne, kaurin shinkafa cikin kasko kada ya wuce kaurin yatsa ɗaya a kwance, don kowace ƙwaya ta sami wuta da romo daidai da 'yar'uwarta. In kaskonku ƙarami ne, ku rage shinkafa, ko ku yi kasko biyu. Wuta kuma ta kai ko'ina a gindin kaskon. Don haka murhun gawayi mai faɗi, ko itace sirara da aka baza, sun fi risho, wanda ke ƙona tsakiya ya bar gefe ɗanye.

Abu na biyu shinkafa. Mutanen Sifen suna da gajera mai ƙiba, wadda ta fi suna ana ce mata bomba. Tana shan ruwa wajen ninki uku na awonta ba ta fashe ba. Doguwar turararriyar shinkafa da mu ke dafa-duka da ita an riga an dafa ta cikin ƙaiƙayinta, jikinta ya yi ƙarfi, ba ta shan daɗin romo sosai cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi kusa a kasuwanninmu shi ne shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba, in an sami mai ƙwaya cikakkiya wadda ba ta kakkarye ba. Amma tana da saurin caɓewa, don haka mu kan sa mata romo gwangwani biyu da rabi a kan kowane gwangwani ɗaya. Su ba su wanke shinkafarsu. Tamu kuwa tana da tsakuwa, tilas a tsince a rege, sai dai a yi da wuri, a baza ta a tire ta tsane sarai. Gwangwanin madara 4 ya ishi mutum 6, romo kuma gwangwani 10.

Romon nan shi ne inda daɗi ya ke, shi ne kuma inda talaka zai iya cin nasara. A ɓare jatan lande, amma kada a zubar da kawuna da ɓawo. A ɗan soya su da mai har su yi ja, a zuba ruwa, a ƙara wuyan kaza da ƙashin bayanta da kan kifi in akwai, a bari su tafasa minti 25 ko 30, a tace. Wanda ya ke nesa da teku, ko kuɗinsa bai kai ba, ya sa busasshen jatan lande ɗin nan ƙanana da a ke aunawa a kasuwa, cikin tafin hannu ɗaya. Mun gwada, romon ya yi. Jatan lande manya guda 12 sun isa a jera a kai, kowa ya sami biyu. Ba sai an kashe kuɗin cefanen mako ba.

A ɗora kasko, a zuba mai wajen cokali 6 manya. Man zaitun shi ne nasu, amma man gyaɗa mai kyau ba laifi. Manja dai a bar shi, zai danne kome. A soya jatan lande minti ɗaya kowane gefe, a kwashe a ajiye. Sa'an nan a zuba kaza, wadda aka yanka ƙanana aka barbaɗa mata gishiri, a soya ta a hankali har ta yi ja sosai. A nan kada a yi gaggawa, ko da zai ci minti 15, gama wannan jan da ke mannewa a gindin kasko shi ne zai narke cikin romo. In kazar gida ce mai tauri, a fara ɗan tafasa ta cikin romon tukuna. Bayan haka a zuba ɗanyen wake da jan tattasai, sa'an nan tafarnuwa, sa'an nan tumatir 3 da aka goga, a soya har ruwansa ya ƙone mai ya fito. Albasa fa? Mutanen Balensiya ba su sa ta, sun ce tana sa shinkafa laushi. Mun san hannun uwargida zai yi ƙaiƙayi, amma a daure. Attarugu ma a bar shi a gefen faranti ga mai so.

Za'afaran zare ne ja da a ke tsinkowa da hannu daga cikin wani fure, guda uku kacal a kowane fure, har sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya. Shi ya sa ya fi kowane kayan ƙanshi tsada. Kaɗan a ke bukata, abin da yatsa biyu za su ɗauka, a murje a jiƙa da romo mai ɗumi. In an kawo muku gari mai arha an ce za'afaran ne, ku yi shakka. Wanda bai samu ba ya sa rabin ƙaramin cokali na kurkum. Zai ba da launi, ƙanshin dai ba ɗaya ba ne. Ko a Sifen ma gidaje da yawa garin launi su ke sawa.

Yanzu a zuba romo da zafinsa, a bari ya tafasa, a ɗanɗana. Gishiri ya ɗan fi na miya, gama shinkafa za ta sha. A barbaɗa shinkafa ko'ina, a daidaita ta da cokali sau ɗaya, duk ta nutse. Daga nan a ajiye cokali. Ba a juyawa, ba a rufewa. Wannan shi ne wuri mafi wuya ga duk wanda ya tashi a gidan da a ke tuƙa tuwo. Juyawa tana goge ƙwayoyin, su saki garin jikinsu, romo ya yi kauri ya zama kunu, abin da mu ke nema ke nan a tuwo, abin da mu ke gudu ke nan a nan. Minti 8 zuwa 10 a kan wuta mai ƙarfi, sa'an nan a janye itace, minti 8 zuwa 10 a kan wuta kaɗan. In wani gefe ya fi zafi, a juya kaskon, ba shinkafar ba. Sa'ad da ya rage minti 5, a mayar da jatan lande a kai. Kifi mai tsoka da aka yanka gunduwa-gunduwa ya riga shi shiga da 'yan mintoci.

A kan kayan teku muna da gargaɗi, gama yawancinmu muna nesa da teku, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya. Jatan lande da ya narke aka sake daskarar da shi yana iya kwantar da gida duka. A sansana kafin a biya kuɗi. In yana wari mai hawa kai, ko jikinsa yana yauƙi, a bar wa mai shi. Masu zama kusa da teku da za su sa ƙumba, watau wannan halitta mai ɓawo biyu, su zubar da duk wadda ta fashe, da wadda ta ke a buɗe ba ta rufe ba in an ƙwanƙwasa ta, da wadda ta ƙi buɗewa bayan dafuwa. Akwai kuma mutanen da jininsu bai haɗu da jatan lande ba. Yaron da bai taɓa ci ba a fara ba shi kaɗan. In leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan da nan. Saura kuma kada ya kwana a waje.

Mun bar mafi daɗi a ƙarshe. Sa'ad da romo ya ƙafe, sai a ƙara wuta minti ɗaya ko biyu, a kasa kunne. Za a ji gindin kasko yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas. A sa hanci kuma: in ƙanshin gasa ne, daidai, in ya soma ƙauri, a sauke maza. A rufe da tsumma mai tsabta minti 5, a kawo da yankan lemon tsami. Abin da aka yi da wannan wuta ta ƙarshe suna kiransa socarrat, shi ne ɓawon shinkafa mai launin zuma da ya kama a gindin kasko, shi ne kuma abin da su ke auna gwanintar mai girki da shi. Da baƙonmu ya kankaro shi da cokali ya miƙa mana da hannu biyu kamar wata babbar kyauta, uwargida ta duba, ta dube mu, ta ce, "Malam, ashe ƙanzo ne!" Ƙanzo ne kuwa, wanda a gidanmu a kan jiƙa a ba kaji, ko a bar wa yara su kankare. Ranar nan sai da muka tsawata wa yaran kafin mu sami namu rabo.