Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu: Wasa Ne ko Karatu?



Da yawa cikinku kun ga ɗan jirgin nan da na kawo makaranta bayan hutun babbar Salla, kuma kun ji gardamar da ta tashi a kansa. Wasu suka ce ɓata lokaci ne, wasu suka ce haramun ne, wani kuma ya faɗa mini maganar da har yau ba ta bar zuciyata ba. A ranar ban iya ba da amsa yadda ya kamata ba, don surutu ya yi yawa. Tunda an ba ni wannan fili, bari in faɗi ra'ayina a tsanake: harhaɗa ƙananan jirage da yi musu fenti aiki ne da ya dace da ɗalibi, da sharaɗin mutum ya san abin da yake riƙe da shi a hannunsa.

Ga waɗanda ba su gani ba, ga yadda abin yake. Kawuna ne ya tsinci kwalin cikin kayan gwanjo a kasuwar Katako, nan Yamai. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai da ba ka barin gwangwani ya huta, je ka gwada wannan." A jikin kwalin akwai hoton Mirage 2000, jirgin da kamfanin Dassault na Faransa ya ƙera, wanda ya fara tashi a 1978. Da na buɗe, ban ga jirgi ba. Gutsattsarin roba ne masu launin toka, kowane maƙale a jikin wani firam, kowane da lambarsa, sai takardar bayani mai zane-zane da wata ƴar takarda mai ɗauke da tambura. Kamfanoni irin su Airfix a Ingila, da Heller a Faransa, da Tamiya da Hasegawa a Japan, sun daɗe suna wannan sana'a, kuma manya masu furfura ne da yawa daga cikin masu sayen kayansu.

Abin da ya fara kama ni shi ne lambar da ke gefen kwalin: 1/72. Ma'anarta, an raba tsawon kowane sashe na jirgin gaske gida 72, an ɗauki kashi ɗaya. Mirage 2000 ya ɗan haura mita 14 a tsawo. Ka mai da shi santimita, ka raba da 72, za ka samu wajen santimita 20. Faɗin fukafukansa mita 9 ne da ɗan ɗoriya, sai ya dawo kusan santimita 13. Mutum mai tsawon santimita 180, in aka rage shi haka, santimita biyu da rabi zai zama, bai kai gaɓa biyu ta yatsa ba. Da ma'aunin 1/48 ne, jirgin zai kai santimita 30. Wallahi shekara biyu ana koya mana kasafi a darasin hisabi ina haddacewa ina mantawa, sai ranar da na ɗora ma'auni kan wannan roba abin ya zauna mini daram.

Sai aikin kansa. Ba a fizge gutsure daga firam da hannu, yankewa ake yi. Ni da abin yanke farce na yi amfani, sannan na goge bakin da samfefa mai laushi. Kafin a sa gam, sai an gwada haɗa sassan a bushe an ga sun zauna. Gam ɗin wannan aiki narka fuskar robar yake kaɗan, sassan biyu su haɗe su zama abu guda, don haka in ka yi kuskure babu komawa baya. Mazaunin matuƙi shi ake fara yi wa fenti, saboda da zarar an rufe gangar jikin, burushi ba zai ƙara shiga ba. Na saka ɗan ƙaramin noti cikin hancin don kada jirgin ya zauna kan wutsiyarsa. Gilashin saman matuƙi kuwa, a nan na yi ɓarna: na ɗiga masa gam mai saurin kamawar nan na shago, washegari na tarar ya yi fari kamar idon da ya yi yana. Ban karanta takardar bayani har ƙarshe ba, shi ya ja mini.

Fenti ya fi komai gwada haƙuri. In ka lafta shi da kauri, duk ƙananan layukan da ke jikin jirgin sun ɓace. Sai an tsinka shi, a shafa siriri, a jira ya bushe, a sake, har sau uku. Ga zafin garinmu, fenti na bushewa a bakin burushi kafin ka kai shi. Ga ƙura, wadda ba ta neman izini. Dabarar da na yi, ina aiki bayan sallar asuba, in na gama in kife masa roba. Tamburan kuma a ruwa ake tsoma su, su saki takarda, a zame su a hankali zuwa wurinsu da tsinken sakace. Duk wanda ya taɓa ganin mai zayyana yana ƙawata allon sauka ya san irin wannan natsuwar: numfashi ma a hankali ake yinsa.

To, yanzu ga masu suka.

Na farko Inna ce. Ta ji warin gam daga ɗakina, ta shigo a firgice ta ce, "Kai, mi nake ji haka? Ba dai sholisho ka fara shaƙa ba?" Na yi dariya a lokacin, amma tsoronta na kan hanya, don mun san yaran da wannan wari ya lalata. Gam da fenti da ruwan tsinka fenti duk suna da tururi mai cutarwa. Daga ranar na koma aiki a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kuma ina ɓoye kayan inda ƙannena ba za su kai ba. Duk mai son ya fara, wannan ce ƙa'idar farko.

Na biyu masu cewa haramun ne, wai sura na ƙera. Ban tsaya gardama ba, na ɗauki jirgin na kai wa Malam. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya juya shi, ya duba, ya bayyana mini cewa malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin siffanta abu mai rai da marar rai, kuma jirgi kamar mota ne ko kwalekwale. Ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke cikin kwalin shi ne wurin magana, ni kuwa tun farko ban saka shi ba, na bar kujerar babu kowa. Sai Malam ya ƙara da cewa abin da zai duba shi ne haddata. In ta ja baya, jirgi zai kwana a ofishinsa. Alhamdu lillahi bai kwana ba, don ranar hutu kawai nake taɓa shi.

Na uku shi ne mai nauyi. Wani abokin karatunmu, wanda iyayensa suka baro yankin tafkin Cadi saboda rikici, ya tsaya ya daɗe yana kallon jirgin. Ya nuna makaman da na manna ƙarƙashin fukafukan ya ce, "Kai abin ado ka ɗauke shi. Mu in mun ji ƙarar irinsa, ƙarƙashin itace muke gudu." Ban sami abin cewa ba. Gaskiya ya faɗa. Mu ƴan Yamai mun san rugugin Mirage, lokacin da sojan Faransa ke tashi da su daga sansanin da ke jikin filin jirgin sama, kafin su kwashe kayansu a watan Disamba na 2023. Amma mu ƙara kawai muka ji, ba mu ga inda abin ke sauka ba. Wasu sun gani. A watan Janairu na 2017 wani jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bama-bamai bisa kuskure kan sansanin ƴan gudun hijira a Rann, cikin jihar Borno, mutane masu yawa suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Mutanen da suka tsere wa mutuwa a ƙasa, ta same su daga sama.

Da na koma gida na yi niyyar ɓalle makaman in bar jirgin fes. Na ɗauko reza, sai na tsaya. In na cire su, wa nake yaudara? Jirgin zai koma kamar tsuntsu mai kyan gani, alhali ba don kyau aka ƙera shi ba. Sai na bar su a wurinsu. A ganina nan ne amfanin wannan aiki yake. Wanda ke kallon jirgin yaƙi a bidiyon waya, da kiɗa a bayansa, burgewa kawai yake gani. Wanda ya zauna ya manna makami ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, dole ya tambayi kansa: wannan na mene ne, kuma kan wa yake faɗawa? Ni dai ban taɓa yin wannan tambaya ba sai da na riƙe abin da tsinke.

Kuma akwai wani abu. Mun saba ɗaga kai sama da baki buɗe, kamar jirgi aikin aljanu ne. Da na harhaɗa nawa, na ga ashe kowane sashe da dalilinsa. Fukafukan Mirage masu kusurwa uku ne, ba shi da ƙananan fukafukan baya irin na sauran jirage, ƴan faifan da ke gefen bayan manyan su ke ɗaga hancinsa su kuma karkata shi. A bakin ramukan shan iska biyu akwai wani tsini da Faransawa ke kira ɓera, wanda ke matsawa gaba da baya don ya rage gudun iska kafin ta isa inji, saboda jirgin na iya ninka gudun sauti sau biyu. Mutane ne suka zauna da takarda da lissafi suka fitar da wannan. Ilimin da ya ƙera shi, shi ne ke ƙera jirgin da ke kai alhazai Makka da wanda ke kai magani inda mota ba ta zuwa. In mun ƙi sanin yadda abin yake, ba mu hana kowa yaƙi ba, mun dai zauna muna saye muna kallo.

Na san za a ce waɗannan kwalaye tsada gare su, kuma ba a samunsu a kantunanmu. Haka ne, ni ma sa'a na taka. Amma wane ne cikinmu bai taɓa yin motar kara ko ta waya ba? Hannun muna da shi tun muna ƙanana, awo ne ba mu sa a ciki. A samo tsawon jirgi da faɗinsa, a raba da 72, a zana a kwali, a yanka, a haɗa da gwangwanin madara da ɓargon kara. Wanda zuciyarsa ba ta son na yaƙi, ya yi na fasinja, ko jirgin ruwa, ko ma ginin makarantarmu.

Don haka ina roƙon shugabannin makaranta su ba mu sa'a biyu a ranar hutu, da ɗaki mai tagogi, da malami ɗaya mai sa ido. Wanda haddarsa ta yi rauni a dakatar da shi har ya gyara. Abokin nan nawa da ya yi mini magana mai nauyi, na je na same shi na ba shi haƙuri, kuma na tambaye shi ko zai shiga. Ya ce zai shiga, amma shi kwalekwalen kamun kifi irin na garinsu zai ƙera. Na ce to, ni zan riƙe masa ma'auni.

Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa wa karatunmu albarka. Wassalamu alaikum.