Zauren Mata: Hawan Jinin Littafi Da Na Gaske



Yau da laifinmu zan fara, mu marubuta. Da zarar yarinya ta ƙi zaɓin iyaye, sai mu sa Alhaji ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi, likita ya fito yana share gumi ya ce hawan jini ne. Ni kaina na rubuta haka har sau biyu. Ashe na gasken ba ya ko sallama.

Kwanakin baya na rako Gwaggona daga Ajingi zuwa asibiti a Gaya saboda ciwon gwiwa. Malamar asibiti ta ce ta zauna ta huta minti 5 ban da magana, wanda ga Gwaggo ya fi allura zafi. Ta naɗa mata wani ƙyalle a damtse, saitin zuciya, ta yi ta matsa 'yar roba yana kumbura har ya tare jini, sannan ta riƙa sassauta iskar tana saurare da abin kunne. Inda ta fara jin bugu, lambar sama ke nan, wato ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa. Inda bugun ya ɗauke, lambar ƙasa, sa'ad da zuciya ta saki. Wani likitan Rasha, Korotkoff, ya gano wannan dabara a 1905.

Na mai lafiya wajen 120 bisa 80 yake. In ana ta samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, an shiga hawan jini. Na Gwaggo 170 bisa 100!

"Ni da ko ciwon kai ba na yi, 'yar nan?"

"Ai mugun halinsa ke nan, Mama," in ji malamar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Wani sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Masu ciki kuwa, don Allah kar a yi wasa da awo, daga nan jijjiga ke faro wa.

Bayan mako muka koma, lambar ba ta sauka ba, aka ɗora ta kan magani da sharaɗin kar ta daina don ta ji garau. Gishiri kuma kar ya kai ƙaramin cokali guda a yini, har da na cikin dunƙule. A nan muke ta daga da Gwaggo, don jiya ma na tsinci dunƙule uku a ƙulle a bakin zaninta.

Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.