Hafsan Ko-ta-kwana da Wahalar Sauya Rukuni a Amurka

Sojan ko-ta-kwana a Amurka farar hula ne a mafi yawan kwanakinsa. Yana sanya kaki a ƙarshen mako guda cikin kowane wata, da kimanin mako biyu a shekara, sauran lokacin kuwa malami ne ko injiniya ko ɗan sanda. Idan aikin da yake ci da iyalinsa ya ɗauke shi daga Texas zuwa Ohio, tazarar da ta haura kilomita 1,500, dole ya nemi wani rukunin soja kusa da sabon gidansa. Tsarin da ake bi wajen wannan sauyi ya fi ƙarfin hafsan, kuma rundunar ce ke yin asara.

Ƙaramin soja yakan sami gurbi cikin sauƙi, domin gurabensa suna da yawa. Hafsa kuwa ba ya shiga rukuni sai da kujerar da ta dace da muƙaminsa da fanninsa. Bataliya tana da kyaftin-kyaftin 'yan kaɗan, manjo kuma ba su kai haka ba. Saboda haka shi da kansa yake farautar gurbi, ya gana da kwamandan da zai karɓe shi, sannan ya koma ya roƙi wanda yake ƙarƙashinsa ya sake shi.

Idan a Army Reserve yake, wadda ta gwamnatin tarayya ce, lamarin da ɗan sauƙi. National Guard kuwa ta kasu 54: jihohi 50, babban birnin Washington, da yankuna uku. Kowacce tana da nata shugabancin, hafsanta kuma yana riƙe da naɗin jiha tare da amincewar tarayya, don haka ƙaura zuwa wata jiha kamar sabon naɗi ne. Mai son barin wata rundunar zuwa ɗaya sai ya cike fom mai lamba 368 na Ma'aikatar Tsaro, takardar saki bisa sharaɗi, wadda ba ta da amfani sai na sama sun sa hannu.

A nan gizo ke saƙar. Ana auna kwamanda da yawan guraben da ya cike, saki kuma ragi ne a lissafinsa. Ba sai ya ce a'a ba; ya isa ya bar takardar a kan tebur. Hafsan kuwa lokaci na ƙure masa. Fansho na buƙatar shekara 20 da suka cancanta, kowacce da maki 50 aƙalla. Maki 15 ne kawai ake bayarwa don zama cikin runduna, sauran daga atisaye da horo suke fitowa, kuma ƙarshen mako guda yakan ba da huɗu. Wanda ya yi watanni yana rataye tsakanin rukuni biyu, ko dai ya riƙa sayen tikitin jirgi, sau da yawa daga aljihunsa, ko shekarar ta sulluɓe masa.

Kwamandoji suna da hujja guda mai nauyi: rukunin da ke shirin tafiya fagen daga ba zai saki hafsansa ana gobe tafiya ba, kuma tun bayan 2001 an tura waɗannan rundunoni Iraƙi da Afganistan ba sau ɗaya ba. Wannan uzuri ne na yanayi na musamman, bai kamata ya zama ɗabi'ar kullum ba. Abin da ya dace shi ne a ɗaure buƙatar saki da wa'adi mai haƙora: kwamandan da zai ƙi, ya rubuta dalilinsa kafin wa'adin ya cika, in kuwa ya yi shiru a ɗauka ya amince. Hafsan da aka tsare ba ya fasa ƙaura. Sau da yawa yakan nemi komawa jerin waɗanda ba sa zuwa atisaye, ko ya ajiye muƙamin idan ya cika shekara takwas da doka ta wajabta masa, sai rukunin Texas da na Ohio duka su wayi gari babu shi.