Masai A Cikin Mota Tafi-Da-Gidanka

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta yawon hutu wadda ta kafu tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Magidanci yakan nemi mota mai kamar ƙaramar bas, a cire kujerun baya, a kafa mata gado da murhu da kabad. In bazara ta yi sai ya kwashi iyali su shiga duniya, inda dare ya riske su nan ne masauki. Tun a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara gyara motocin Volkswagen saboda wannan aiki. To, amma wanda ya ci ya sha tilas ne wata bukata ta taso masa, kuma ba kullum take tasowa kusa da makewayi ba.

Dabarar farko bokiti ce da magani. Kamfanin Elsan na Ingila ya fara sayar da irin wannan a 1924, har da shi aka sa a jiragen yaƙin Ingila masu jefa bom. Har yau a can, ramin da aka tanada domin juye irin wannan ƙazanta da sunan Elsan ake kiransa. A 1968 kuma kamfanin Thetford na Amurka ya fito da wanda ya kira Porta Potti, shi ne kuwa aka fi kwaikwayo. Tanki biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Na sama yana ɗauke da mazauni da ruwan kora, na ƙasa yana karɓar ƙazanta, tsakaninsu akwai wata 'yar ƙofa mai zamewa wadda ake ja a buɗe, a tura a rufe.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ɗauka babba ya fi. Manya daga cikinsu tankin ƙasa yana cin lita 21, ƙanana kuwa lita 10. Sai dai lita guda ta ruwa kilo guda ce. Watau ranar da babban ya cika, mai shi zai sunkuci kaya fiye da kilo ashirin, ya taka da shi har wurin juyewa, yana tafe abin yana kaɗawa. Dattijo ko mai ciwon baya ya kamata ya tuna da wannan tun a kanti. Ga shi kuma ƙarfin maganin da ake zubawa domin kashe wari ba ya wuce kwana huɗu ko biyar, saboda haka ko bai cika ba sai an juye. Inda babban ya ci nasara shi ne tsawo. Tsawonsa ya kai kamar santimita 40, kusan daidai da na gida, alhali ƙaramin bai wuce talatin da 'yan kai ba, mai ciwon gwiwa zai sha wuyar tashi daga kansa. Amma ƙaramin ne ke shiga ƙarƙashin gado ko cikin kabad. Mai hankali yakan fara auna gurbin da ke motar da tef, tsawo da faɗi da zurfi, sa'an nan ya tafi kasuwa.

Wadda aka fi mantawa ita ce maganar tsarki. Lissafin masu ƙerawa na mai amfani da takarda ne. Musulmin da zai shiga da buta, tankinsa zai cika da wuri ƙwarai, don haka a wurinsa ƙaramin zai yi kaɗan, sai in kullum zai riƙa juyewa. Shi ya sa kuma wani sabon salo da ya sami karɓuwa a Jamus ba zai dace da shi ba. Wannan ba ya amfani da ruwa ko magani. Fitsari yana gangarawa cikin gora ta gaba, bayan gida yana faɗawa cikin leda ta baya, a rufe shi da ɗusar katako. Sirrinsa bushewa ne, ruwan buta ɗaya ya isa ya ɓata shirin.

Batun ajiya kuwa, abu na farko a ɗaure shi. Masan da ya cika, in aka taka burki da ƙarfi, jifa ne mai nauyi, ban da abin da zai malala. A kafa shi a ƙasa da ɗamara ko da maƙalin da ake sayarwa tare da shi, a tsaye, nesa da abinci da murhu, kuma inda hannu zai kai cikin dare ba tare da an tashi mai barci ba. Zafin rana da hawan dutse suna sa iska ta kumbura a tankin ƙasa. Wanda ya ja ƙofar nan murfi a buɗe, fuskarsa a sama, ba zai so a sake ba shi labarin ba. Sai a rufe murfi tukuna, a ja ta a hankali iskar ta fita. In za a jingine motar lokacin sanyi, a juye tankunan duka biyu a bushe su, gama ruwa in ya daskare yana fasa roba. Zoben robar da ke bakin ƙofar a shafa masa man zaitun ko man silikon. Basilin lalata shi yake yi.

Saura wurin juyewa. Ba a zuba shi a kwata ko rafi ko gindin itace, sai a ramin da aka tanada a sansanin matafiya. A nan ne wasu suka jawo wa kowa. A ƙasar Niyu Zilan an daɗe ana kukan baƙi masu ajiye masan a mota domin samun takardar izini kawai, ba su taɓa shi, suna kewayawa a daji da bakin tafki. A 2023 majalisar ƙasar ta canza doka, ta ce ba za a ƙara ba mota shaidar cewa ta wadatu da kanta ba sai masanta kafaffe ne a jikin motar. Wanda ya kwana da motar da ba ta da shaida a filin da ake bukatarta, tararsa dalar ƙasar 400 ce. Mai niyyar zuwa can da masai na ɗauka, komai kyansa, sai ya shirya biyan kuɗin sansani.