Derna: lissafin ɓarna ya tsallake ɗan ci-rani

A daren 10 ga Satumba 2023, wayewar 11, guguwar Daniel ta tashi daga tekun Bahar Rum ta zubar da ruwa kan duwatsun gabashin Libiya. A Al-Bayda an auna sama da milimita 400 cikin kwana ɗaya. Madatsun ruwa biyu da ke saman kwarin Derna, waɗanda wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970, suka ɓalle cikin dare, ruwan ya ratsa tsakiyar birnin ya kwashe unguwanni ya zuba a teku. An tabbatar da mutuwar mutum sama da 4,000, dubbai kuma suka ɓace.

Waɗanda suka tsira sun fara komawa bayan kwanaki kaɗan. Wani ya tarar da gidansa a tsaye amma laka ta cika ɗakuna har kusan rufi, wani ya tarar da bango ya tsage daga tushe, wani kuwa ko alamar inda gidan yake bai gane ba, don layin gaba ɗaya ya tafi. Komawar ma tana da nata haɗari: ruwan sha ya gurɓace, benaye na iya ruftawa, ga gargaɗin da ƙungiyoyin agaji suka yi cewa ambaliya ta gusar da nakiyoyin yaƙin baya daga inda aka san suna.

Daga nan aka shiga lissafi. Gwamnatin gabashin ƙasar ta sanar da diyyar dinari 100,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 50,000 ga wanda nasa ya lalace, 20,000 ga wanda ya yi asarar kayan ɗaki. A Janairu 2024 Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai suka ƙiyasta cewa ana buƙatar dala biliyan 1.8 don sake gini. Ba laifi ba ne a ƙirga gidaje da gadoji, dole ne ma. Matsalar ita ce wannan ma'auni ya fi ganin mai gida da mai takarda. Leburan da ke kwana a ɗakin haya da abokansa shida, ko a cikin kangon da yake gini, ba shi da takardar fili, sau da yawa ba shi da takardar zama. Dukiyarsa ita ce kuɗin wata takwas da ya ƙulle a leda ƙarƙashin katifa, da wayarsa, da bashin aikin da yake bin ubangidansa. In ubangidan ya rasu, bashin ya bi ruwa. Babu layin wannan a takardar ƙididdiga.

Ɗaruruwan baƙi sun mutu a Derna, akasarinsu ƴan Masar da Sudan. Wani ƙauye guda a jihar Beni Suef ta Masar ya rasa maza sama da 70. An san adadinsu ne saboda ƙauyen ya san waɗanda suka tafi, ya san inda suke aiki, ya kuma yi ta ƙorafi. Wannan ya kamata ya tsaya wa ɗan Nijar a rai, domin alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta duniya, OIM, sun daɗe suna nuna ƴan Nijar a sahun gaba na baƙin da ke Libiya. Da yawa sun bi ta Agadas da Dirku suka shiga Sabha ba tare da sunansu ya shiga kowane kundi ba. Uwa a Tanut ko Abalak abin da ta sani kawai shi ne ɗanta yana "Libiya", kamar Libiya unguwa ce.

Batun gawawwaki ya fi ciwo. An binne mutane da yawa a kaburburan bai-ɗaya, daga baya hukumar neman waɗanda suka ɓace ta riƙa ɗaukar samfurin DNA don a gane su. Gwajin ba ya aiki sai an samu na dangi a kwatanta. Iyalin Derna za su je ofis su bayar. Dangin da ke bayan hamada, wa zai je musu?

Wasu za su ce ƙasar da ta rabu gida biyu, gwamnati a Tripoli, wata a gabas, ba ta iya da ƴaƴanta ba balle baƙo. Akwai gaskiya a ciki. Mutanen Derna da kansu sun yi zanga-zanga a gaban masallacin Sahaba ranar 18 ga Satumba, aka ƙona gidan magajin gari, don an yi ta gargaɗi kan madatsun, har wani masanin ruwa na jami'ar Omar al-Mukhtar ya rubuta a 2022 cewa suna buƙatar gyara cikin gaggawa. A Yuli 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12. Amma raunin Libiya dalili ne na ƙara matsa wa hukumomin Yamai, ba na yi musu uzuri ba. Ofishin jakadanci da ba shi da jerin sunayen ƴan ƙasarsa gari-gari, ranar bala'i sai dai ya jira labari a Facebook kamar kowa.

Ƙungiyoyin ƴan ci-rani ma suna da nasu aikin, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Kusan kowane gari da ƴan Nijar ke taruwa akwai shugaban al'umma da asusun taimakon juna. Littafi ɗaya mai suna, ƙauye, lambar ɗan uwa a gida da wurin aiki, tare da kwafinsa a wayar wani da ke wani gari, ya isa. Haka hoton katin ɗan ƙasa da na yarjejeniyar aiki, a tura gida ta WhatsApp tun ana lafiya. Kuɗi kuma a riƙa aikawa da su kaɗan-kaɗan maimakon a tara a ɗaki ana jiran ranar komowa. Masu tsoron kada sunansu ya faɗa hannun ƴan sanda suna da hujja, shi ya sa littafin ya fi dacewa ya zauna a hannun ƙungiya, a miƙa wa jakadanci sai ranar da ake neman mutum.